Barin Fage: Makomar Ɗan Dambe Bayan Ya Kwance Zare

Masu nazarin al'adun Hausawa sun yi rubuce-rubuce da dama a kan dambe, amma galibin abin da aka rubuta ya tsaya ne a kan shigar ɗan wasa fage: yadda ake ɗaure masa hannu da zare, da layu da kambunan da yake ratayawa, da taken da makaɗa ke kaɗa masa, da kirarin da yake yi wa kansa kafin a gwabza. Fitarsa kuwa, watau ranar da zai kwance zare ba zai sake ɗaurawa ba, ba a cika kula da ita ba. Dalili a fili yake. Ranar shiga da kiɗa ake yin ta, ranar fita kuwa sau da yawa ba wanda ya san ita ce, sai kaka biyu ko uku sun wuce ba a ga mutum ba. Wannan maƙala za ta dubi wannan fita da abin da ke tarbar ɗan dambe a bayanta, sa'an nan ta kwatanta da abin da ya sami 'yan wani wasa na Amurka a lokacin da wasan nasu ya fara zama aikin albashi, domin dambe yau yana tsaye ne a irin wannan mararraba.

Tun daga kalmomin da ake amfani da su za a gane cewa al'amarin bai zauna daram a bakin Bahaushe ba. Wani ya ce wane ya yi murabus, alhali murabus kalmar fada ce, ta basaraken da ya sauka daga gado, ko don ra'ayin kansa ko don an tilasta masa. Wani ya ce ya yi ritaya, wadda baƙuwar kalma ce da ta shigo tare da aikin gwamnati, tana jaye da fansho da garatuti, abubuwan da ɗan dambe bai taɓa sa wa ido ba. Wani kuma, musamman daga cikin malamai da dattawan unguwa, sai ya ce wane ya tuba, domin a wurinsu wasan da ya haɗa kiɗa da asiri da zubar da jinin ɗan'uwa ba sunan da ya dace da barinsa sai wannan. Kowace kalma da irin hukuncin da take yankewa: ta farko ta ɗauki ɗan wasa sarki, ta biyu ma'aikaci, ta uku mai laifi. Su mutanen fage ba su cika wahalar da kansu ba, sai su ce wane ya daina sa zare.

Dambe a Gidansa na Asali

Dambe wasan rundawa ne, watau mahauta, kuma wannan ba sabon zance ba ne. A shekarar 1824 Baturen nan matafiyi, Hugh Clapperton, yana zaune a Kano ya ji labarin 'yan damben Hausa, ya aika da tayin wuri 2,000 domin a zo a yi wasa ya gani. Ya rubuta cewa 'yan wasan sun iso da ganguna biyu, mahautan gari kuma sun rako su kwansu da kwarkwata. Ya kuma hana a yi da gaske, domin a fahimtarsa da wuya a tashi wasan ba a rasa rai ba. Ko da an ɗauka akwai ƙarin gishiri a zancen baƙo, abu biyu sun fito fili: masu wasan suna da sana'ar da suke ci da ita, kuma wasan yana da haɗarin da ba zai bari a tsufa a cikinsa ba.

Domin a ga yadda tsarin yake tafiya, a ɗauki ƙauyukan yammacin Kano, irin su Ruwan Bago ta ƙaramar hukumar Rogo a ƙasar Ƙaraye, can inda Kano ta yi iyaka da Katsina da Kaduna. Ƙasar noma ce. Daga saukar ruwan shuka har zuwa yankan dawa ba uban da zai saki saurayi ya tafi yawon wasa, mahauci ne ko ba mahauci ba, domin a karkara mahauci ma manomi ne. Sai amfani ya shiga rumbu, kuɗi sun shiga hannu, an fara bukukuwan aure, sa'an nan kalangu ke tashi. A irin wannan lokaci ne 'yan dambe kan bi gari gari, su sauka wurin Sarkin Fawa, a kewaye fili da yamma a yi wasa. Abin da ɗan wasa ke samu kyauta ce ta 'yan kallo da ta masu gari, kuɗi ko riga, kuma wani kaso daga ciki hannun makaɗa yake komawa. Babbar ribarsa suna ce da farin jini wurin 'yan mata. Da bazara ta kawo jiki, kowa ya koma sharar gona.

Ke nan dambe a wancan tsari ado ne a kan sana'a, ba shi ne sana'ar ba. Wanda ya bari ya rasa tafi da kirari, amma bai rasa tuwon dare ba. Wuƙarsa da teburinsa na kasuwa suna nan, gonar gado tana nan.

Dalilan barin ba su da yawa. Akwai rauni: haƙoran gaba da suka zube, muƙamuƙin da ya goce, idon da ya dushe, yatsun da suka kakkarye a cikin zare suka ɗore a karkace. Akwai aure da haihuwa, domin abin da aka yafe wa saurayi ba a yafe wa magidanci, kuma ba kowane suruki ne zai so ya ga mijin 'yarsa daga shi sai warki a tsakiyar taro ba. Akwai umurnin iyaye, wanda in ya fito daga bakin uwa magana ta ƙare. Amma dalilin da ya fi ciwo shi ne kisa. A bakin 'yan dambe, wanda aka buga ya kai ƙasa an kashe shi ke nan, kuma kalmar ba ta rasa nasaba da abin da mutum ke ji a ransa ba. Gwanin da ya shekara goma yana kisa, ranar da wani yaro da bai kai sa'ar ƙaninsa ba ya shimfiɗe shi a turmin farko, tun yana kwance ya san makaɗa sun juya kalangu wajen yaron. Mai hankali yakan karanta wannan rana tun ba ta zo ba. Sai ya fara zaɓen abokin karo, ya rage fita, yau ciwon hannu gobe uzurin gida, har a daina nemansa. Wanda ya ƙi karantawa shi ake mayarwa tsani, kowane sabon yaro ya taka shi ya hau.

Al'ada ba ta bar wanda ya fita kara zube ba. Duk wanda ya saurari sunayen 'yan dambe zai ji Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Garkuwan wane, Dogon wane. Wanen nan shi ne ubangida, kuma sau da yawa tsohon ɗan wasa ne. Shi ke ɗaure wa yaro hannu, shi ke duba abokin karon da aka kawo ya ce a yi ko a bari, shi ke ba da abin da ya gada na magani da tsari, kuma in yaro ya samu ba ya mantawa da shi. Bisa al'ada yaro ba ya sa zare da ubangidansa, saboda haka tsoho ya tsira daga kisan da ya fi kowane muni. Haka kuma ɓangarorin nan uku da 'yan wasa ke jingina kansu da su, Kudu da Arewa da Guramaɗa, kowane yana da dattawansa masu faɗa a ji, daga cikin irinsu ne ake samun masu raba wasa da masu riƙe da sarautar dambe.

Sai kuma ajo, wanda ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Ajo wasa ne da ake shiryawa musamman domin a tara wa mutum guda gudummawa, in zai yi aure, ko wata lalura ta same shi, ko kuwa zai yi sallama da fage. Makaɗa ma suna yin nasu. Mai ajo zai aika goron gayyata ga abokan wasa na nesa da na kusa, har da waɗanda suka sha zubar masa da jini, su zo su yi wasa, abin da aka tara ya zama nasa. In aka duba da kyau, ajo ba sadaka ba ce, biki ne irin wanda mata ke yi wa juna: bashi ne da ba a rubuta ba. Wanda ya halarci ajon mutane lokacin da tauraronsa ke haske, ya cika musu fili da sunansa, shi za a cika wa fili ranar tasa. Wannan shi ne garatutin ɗan dambe. Rauninsa ɗaya ne, sau guda ake karɓarsa, kuma yawansa ya danganta da yawan sunan da ya rage wa mutum a ranar. Wanda ya jinkirta har aka mayar da shi tsani, ajonsa ba zai yi armashi ba.

Waƙa ma tana cikin abin da ke saura. Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya ɗaga sunan Shago har ya kai inda ƙafar Shago ba ta taka ba, gidajen rediyo suka yi ta sa waƙar, har mutanen da ba su taɓa tsayawa a bakin fage ba suka san Shago da abokin karonsa Ɗandunawa. Sai dai waƙa takan daskarar da ɗan wasa a shekarun ƙarfinsa. Cikin dubban da suka haddace ta, kaɗan ne za su iya faɗin yadda gwanin nata ya yi zaman tsufansa. A Jamhuriyar Nijar, inda kokawa ta samu gatan gwamnati tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, an ƙara da wata karramawa: filayen kokawa na manyan garuruwa suna ɗauke da sunayen tsofaffin gwanaye, na Maraɗi sunan Kantu, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa.

Da Wasa Ya Zama Aiki

Dukkan waɗannan tanade-tanade an gina su ne a kan zaton cewa ɗan wasa yana da inda zai koma. Wannan zato shi ne ya fara rushewa da dambe ya baro dandalin ƙauye ya shiga gidan dambe na birni, inda ake kewaye fili a sayar da tikiti a ƙofa. Wurare irin su Dandalin Ado Bayero a Sabon Garin Kano da gidan damben Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja sun yi suna da wannan. A irin waɗannan gidaje ba a jiran kaka, rani da damina wasa ake yi. Kyauta ta tashi daga riga ta koma babur da mota, hotunan wasa suna yawo a YouTube da Facebook, kuma ba sai ɗan mahauta ke shiga ba. Saurayin da ya baro ƙauye irin Ruwan Bago da niyyar cin rani, in hannunsa ya yi kyau, yana iya shekara goma bai riƙe fartanya ba, bai kuma koyi fiɗa ba. Ranar da ya kwance zare, tafi da tuwo tare suke tafiya.

Ba dambe ne wasan farko da ya bi ta wannan hanya ba, kuma tarihin wasan besbol na Amurka ya adana labarin da sunaye da shekaru. Besbol wasa ne na ƙungiya biyu, mutum tara-tara. Ɗaya ya jefo ƙaramar ƙwallo mai tauri, ɗan ɗaya ɓangaren ya make ta da kulki, ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu kafin a dawo da ita. Da farko nishaɗi ne na akawuna da masu sana'ar hannu a biranen gabashin ƙasar, har akwai kulob ɗin Eckford na Buruklin wanda maƙeran jiragen ruwa suka kafa, kamar dai yadda dambe yake ga mahauta. A 1869 kulob ɗin Red Stockings na Sinsinati ya zama na farko da ya fito fili ya sa dukkan 'yan wasansa a kan albashi. Wanda ya fi kowa samu, George Wright, dala 1,400 aka biya shi a kakar wasa guda, abin da ya ninka samun lebura na shekara sau da dama. A 1876 aka kafa babbar ƙungiyar kulob-kulob ta National League, a 1879 kuma masu kulob suka ƙulla wata ƙa'ida ta riƙo: kulob yana da ikon riƙe ɗan wasansa shekara bayan shekara, ba wani kulob da zai taya shi. Da mutum biyar-biyar aka fara, daga baya ta game kusan kowa. Ɗan wasa ko ya karɓi abin da aka yanka masa, ko ya bar wasan ɗungurungum. Amos Rusie na Niyok ya gwada hanya ta biyu, ya ƙi wasa shekarar 1896 gaba ɗayanta saboda tarar dala 200 da aka zaftare masa. Bayan hannunsa ya mutu ya yi aikin ƙarfi, daga bisani ya zama ma'aikacin tsaro a filin da a da ake yi masa tafi.

Jikin 'yan wasan ma ba a tausaya masa ba. A farkon zamanin ba a sa safar hannu, masu cafe ƙwallo yatsunsu duk a karkace suke, tamkar na tsohon ɗan dambe. Charles Radbourn na kulob ɗin Providence ya yi jifa daga farko har ƙarshe a wasanni 73 a shekarar 1884 kaɗai, har an ce da safe ba ya iya ɗaga hannu ya taje kansa. Ya bar wasa bayan kakar 1891, ya buɗe mashaya a garinsu, ya rasu a 1897 yana da shekara 42. Mike Kelly, wanda ake yi wa laƙabi da Sarki, shi ne kulob ɗin Shikago ya sayar wa na Bostan a kan dala 10,000 a 1887, kuɗin da suka shiga aljihun masu kulob. Ya yi facaka da nasa samun, ya rasu a 1894 yana da shekara 36, bai bar wa iyalinsa abin kirki ba.

Waɗanda suka sauka lafiya kuwa abu guda ya haɗa su, sun gina wurin sauka tun suna sama. Albert Spalding ya buɗe kantin kayan wasa a Shikago a 1876 yana tsakiyar tashensa, ya buga wasansa na ƙarshe a 1878 yana da shekara 27, ya zama attajiri kuma shugaban kulob. John Montgomery Ward ya yi karatun lauya a Jami'ar Kolambiya yana cikin wasa, ya gama a 1885, a shekarar kuma ya jagoranci kafa ƙungiyar 'yan wasa ta farko. A 1890 ƙungiyar ta ɓalle ta kafa gasarta domin ta karya ƙa'idar riƙo, amma kaka ɗaya ta yi ta rushe, kuma Spalding, tsohon ɗan wasa, shi ne kan gaba wajen rusa ta. Ward ya bar wasa bayan kakar 1894 yana da shekara 34, ya koma ofishin lauya. Har mai tuba an samu a cikinsu: Billy Sunday ya ajiye wasa a 1891 ya kama aikin addini, ya zama ɗaya daga cikin mashahuran masu wa'azin Kirista na ƙasar. Wasu kuwa ba su suka zaɓi fita ba. Moses Fleetwood Walker, baƙar fata, ya yi wasa a babbar gasa a 1884, daga baya wariyar launin fata ta rufe wa irinsa ƙofa, ba a sake buɗewa ba sai 1947.

Labarin Adrian Anson ne ya fi kusa da zancen ajo, domin su ma Amurkawa suna da al'adar shirya wasa ko tara gudummawa ga tsohon ɗan wasa. Anson, wanda yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan waccan wariya, ya yi kaka 27 yana wasa, daga 1871 zuwa 1897, har ya kai shekara 45. Da kulob ɗin Shikago ya sallame shi, Spalding ya nemi a tara masa kuɗi masu yawa, shi kuwa ya ƙi, yana ganin karɓa zubar da girma ne. Harkokin kasuwancin da ya shiga suka karye, ya koma yawon wasan kwaikwayo tare da 'ya'yansa mata domin neman abinci, ya rasu a 1922. Bahaushen ɗan dambe ba zai ƙi ajo ba, domin ya san kayansa ne ake mayar masa. Anson sadaka ya ɗauke ta. Sai a 1924 aka kafa ƙungiyar taimakon tsofaffin 'yan wasa da suka tagayyara, fansho kuwa sai a 1947, shekara 78 bayan albashin farko. George Wright ya rasu tun 1937. Ƙa'idar riƙo ba ta faɗi ba sai 1975.

Ba a ce dambe zai bi sawun besbol taki bayan taki ba, akwai bambanci babba. Ɗan besbol takarda ce ta ɗaure shi. Ɗan damben gidan dambe galibi ba takardar da ta ɗaure shi, yana iya wasa yau a Kano jibi a Abuja, amma kuma ba takardar da ta ce ga wanda zai biya kuɗin asibiti in ido ya tsiyaye. Wasu kamfanoni sun shigo suna shirya dambe domin masu kallo ta intanet, da likita a bakin fage da awon nauyin 'yan wasa, wannan kuwa ci gaba ne ga mai wasa, sai dai bai taɓa wanda ya riga ya fita ba. Shi har yanzu abin da ke hannunsa shi ne tsohon tanadin nan na ƙauye, ajo da yara, alhali gona da teburin fawa da suka tallafi tanadin a da ba lalle ne suna nan ba.

Su ma yaran jingina ce mai wa'adi. Ihsanin ubangida yana zuwa ne muddin yaro yana kisa, yaron kuma nasa kwanakin ƙidayayyu ne. In ya girma ya yi nasa yaran, sai a ji ana kiran Shagon Shagon wane, sunan tsoho ya matsa baya da taki ɗaya. Zuwa hawa na uku sunan ya yi wa mai shela tsawo a baki, sai a datse shi daga wutsiya.